Saiwar albasar Baba da zaren da ke cikin ƙwayar tsiro

Shekarar da na dawo gida daga karatu a Yamai, Baba ya kira ni garka da hantsi, ya tuge ƴan albasa daga fangali ɗaya ya miƙo mini. Saiwoyin sun yi gajeru, bakinsu ya kumbura kamar kan kulki. Ya ce: "To ɗan lakkol, kai da ka karanta tsiro, mene ne wannan?" Na juya su a hannu, na duba gwangwanin maganin ciyawa da yaran aiki suka fesa fiye da ƙima, na ga sunan pendimetalin a jiki. Na ce masa magani ne ya yi yawa. Ya ce wannan ya sani tun kafin in zo, abin da yake tambaya shi ne me ya sa saiwa za ta yi ƙiba maimakon ta bushe. Ban iya ba shi amsa ba a ranar, alhali amsar tana cikin littafin da na haddace na ci jarrabawa da shi.

Yadda na yi karatun nan, kowane abu da gidansa. Ga bangon ƙwayar halitta, wato ɗan mitsitsin ɗakin da jikin tsiro ya ginu da irinsa, ga tantanin da ke ƙarƙashinsa, ga ƙwarangwal ɗin ciki mai zare iri biyu: siraran bututai da ake kira mikrotubul, masu kaurin nanomita 25 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), da zaren aktin wanda bai wuce nanomita 7 ba. Na san sunaye, na iya zana su. Amma a kaina zanen tsaye yake cik, kamar ginin da aka gama aka tafi. Tambayar Baba ce ta mayar da ni ga takarduna, kuma a karo na biyun nan ne na fahimci cewa darussa ukun nan aiki ɗaya ne.

Ƙwayar tsiro cike take da ruwa, kuma ruwan yana tura bango ta kowace fuska daidai wa daida. Da a bar ta haka, da ta zama dunƙulalliya. Abin da ke hana ta shi ne zaren selulos na cikin bangon, da ke naɗe ta a kewaye, kamar salkar da aka ɗaure da igiya zagaye-zagaye: ba ta da hanyar faɗi, sai tsawo. Masu saƙa selulos ɗin furotin ne da ke zaune cikin tantani, a tare rukuni-rukuni mai siffar fure mai kunne shida. Suna ɗaukar sukari daga ciki, su fitar da zare a waje, kuma zaren da suke fitarwa shi ke tura su gaba. Wa ke nuna musu hanya? Bututan nan da ke shimfiɗe a ƙarƙashin tantani. Ba jan su suke yi ba, jagora kawai suke, kuma akwai wani furotin mai suna CSI1 da ke riƙe masaƙin da bututun don kada ya kauce.

Tarihin gano wannan ya taɓa ni ƙwarai. A 1962 Paul Green ya sa wa wani tsiron ruwa, Nitella, maganin kolshisin, ya ga ƙwayoyin sun kumbura maimakon su yi tsawo, ya ce lallai akwai wasu zarurruka a ciki da ke tsara selulos. Bai gan su ba. A 1963 Ledbetter da Porter suka gan su da madubin elektron, a daidai wurin. Sai 2006 Paredez da Somerville da Ehrhardt suka ɗauki hoton masaƙan suna tafiya a kan layin bututan cikin tsiron Arabidopsis mai rai, tafiyar da ba ta kai rabin mikromita, wato nanomita 500, a minti ɗaya ba. Shekara 44 tsakanin zato da gani da ido.

Pendimetalin yana cikin dangin magungunan da ke kama tubulin, wato tubalin ginin bututan, su hana shi haɗuwa. Bututai sun watse, ƙwaya ta kasa rabuwa, masaƙa kuma ba su daina saƙa ba, amma sun rasa tsarin da zai ɗaure ƙwayar a kewaye. Ruwa ya tura ta kowane gefe, saiwa ta kumbura. Abin da Green ya gani a ɗakin bincike, shi Baba ya riƙe a hannunsa a fadamar Galmi.

Aktin kuwa aikinsa dako ne. A kansa furotin miyosin ke jan jakunkunan Golgi, wato ƴan jakunkunan da ke ƙunshe kayan ƙwaya, suna yawo cikinta, su kai sababbin masaƙa kusa da tantani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun gishiri, domin duk mai noman rani ya san farin ɓawon da ke fitowa a kan ƙasa idan ban ruwa ya daɗe a wuri ɗaya. Gishiri idan ya bugi saiwa, bututan nan suna wargajewa, masaƙa su bar tantani su koma ciki. Daga baya tsiron yakan sake shimfiɗa bututansa. A 2015 aka nuna cewa wasu furotin biyu, CC1 da CC2, da ke tafiya tare da masaƙan cikin tantani, suna taimakawa wajen wannan sabon gini. Ashe riƙon ba daga gefe ɗaya yake ba: bututu yana yi wa furotin ɗin tantani jagora, furotin ɗin tantani kuma yana tallafa wa bututu ya miƙe bayan ya faɗi. A da na ɗauka ƙwarangwal ne ke ba da umarni, sauran su bi.

Yanzu da nake koyarwa a nan Tawa, ba na fara wannan darasi da zane. Nakan sayo albasa ƴar Galmi a kasuwa, mu ɓare siririyar fatarta mai launin shunayya, mu ɗiga ruwan gishiri, mu sa a madubi. Yara su ga launin yana janyewa daga bango yana dunƙulewa a tsakiya. Sai in gaya musu cewa tantanin bai saki bangon gaba ɗaya ba, akwai siraran zarurruka da ke riƙe da shi, waɗanda wani masani mai suna Hecht ya bayyana tun 1912, ko da madubinmu ba kullum yake nuna su ba. Wata ɗaliba ta taɓa ɗago kai ta ce: "Mushe, in an mayar da ruwa mai daɗi, zai koma wurinsa?" Na ce ta gwada. Ta ɗiga, muka jira, launin ya bazu har ya sake taɓa bango.

Amsar Baba kuwa sai da rani ya zagayo na kai masa ita, da salka da igiya a bakin rijiya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in je in gaya wa yaran aiki su riƙa auna maganin da murfin gwangwani, ba da ido ba.