Donostia: Garin Baskawa da Ke Cin Abin da Teku Ya Kawo

San Sebastiyan, wanda mutanensa suke kira Donostia da harshensu, yana arewacin Sifaniya a bakin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 20 daga iyakar Faransa. Shi ne babban birnin lardin Gipuzkoa a ƙasar Baskawa, kuma mazaunansa ba su kai 200,000 ba, amma sunansa ya zaga duniya saboda abinci da kyan gaɓar teku. Tambayar da ta fi damuna kafin in tafi ita ce abin da Musulmi zai ci a ƙasar da naman alade da giya suka zama ruwan dare. Amsar da na samu ita ce ƙashin bayan girkin garin kifi ne, don haka mai kiyaye halal ba zai kwana da yunwa ba muddin bai ji nauyin tambaya ba.

Teku ya kutso cikin ƙasa ya yi rabin da'ira, duwatsu biyu suna gadinsa, Urgull daga gabas da Igeldo daga yamma, ga kuma tsibirin Santa Clara a tsakiya yana karya ƙarfin igiyar ruwa. Shi ya sa ruwan gaɓar La Concha da ta Ondarreta yake kwance, har ƙananan yara suna iyo a ciki. Gaɓa ta uku, Zurriola, tana ƙetaren kogin Urumea, tana fuskantar teku kai tsaye, kuma can ne matasa masu hawa igiyar ruwa da allo suke taruwa. Sarauta ce ta fara ɗaga darajar wurin. A 1845 likitoci suka ba Sarauniya Isabel ta Biyu shawarar wankan teku saboda ciwon fata, ta zo nan, daga baya kuma Sarauniya Mariya Kiristina ta mai da garin wurin hutunta na lokacin zafi, aka gina mata fadar Miramar a 1893. Manyan Madrid suka biyo sahu, da su da kuɗinsu.

Ga wanda ya tashi cikin tarbiyyar sutura, gaɓar teku da tsakar ranar bazara wuri ne da ido ba zai sake ba, kuma gara mutum ya san haka tun daga gida. Ni da sassafe nake fita, lokacin da ruwa ya janye ya bar rairayi mai faɗi, tsofaffin gari suna takawa ba takalmi a bakin ruwa suna hira. Wanda ya bi gaɓar har ƙarshen Ondarreta zai tarar da aikin Eduardo Chillida, ɗan garin, wanda aka kafa a 1977: manyan ƙarafa uku masu lanƙwasa da aka dasa a jikin duwatsu, tsatsa ta rine su, ruwa yana dukansu dare da rana. A daɓen wurin akwai ramuka, kuma duk lokacin da igiyar ruwa ta shiga ta ƙarƙashi sai iska ta feso sama da ƙugi, yara suna tsayawa a kai rigunansu suna tashi. Daga nan ƙaramin jirgin da ake ja da igiyar ƙarfe tun 1912 yana kai mutum ƙololuwar Igeldo.

Tsohon gari yana gindin Urgull, sai dai gine-ginensa ba su tsufa yadda baƙo zai zata ba. Ranar 31 ga Agusta 1813 sojojin Birtaniya da na Fotugal suka ƙwace garin daga hannun sojojin Napoliyon, sarkin Faransa, sannan suka washe shi, wuta ta cinye kusan dukkan gidaje. Titin da ya tsira yana ɗauke da sunan wannan rana, kuma kowace shekara a darenta ana kashe fitilu a kunna kyandir a tsawonsa. A waɗannan lunguna ne ake cin pintxo, wato loma ɗaya ko biyu ta abinci da ake ɗorawa a kan yankan burodi ko a soke da tsinke. Ana jera su a kan kanta faranti bayan faranti, mutum ya ci ɗaya ko biyu a tsaye, ya biya, ya wuce shago na gaba tare da abokansa, tamkar yawon Sallah gida gida.

A nan ne ake bukatar lura. Shagunan nan ana sayar da giya a cikinsu, kuma a da yawa za a ga cinyoyin alade busassu rataye a saman kanta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da shiga ba yana da gidajen abinci na zama da kasuwa, kuma ban ga laifinsa ba. Wanda ya shiga kuwa ya tambayi mai shago game da kowane faranti, domin akan ɓoye siririn yankan alade a ƙarƙashin kifi ko ƙwai, kuma wasu miyun da giya ake haɗa su. Duk inda na yi tambaya an amsa mini dalla-dalla, ba tare da ɓata rai ba. Abin da na fi komawa kansa shi ne gilda, tsinke ɗaya mai ɗauke da zaitun da ɗan kifin anchoa mai gishiri da koren barkono mai tsami, sai kuma wainar ƙwai da dankalin turawa wadda ake barin tsakiyarta da taushi.

Girkin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bacalao al pil-pil. Kifi ne da aka adana da gishiri, sana'ar da Baskawa suka daɗe a cikinta tun ƙarni na 16, lokacin da jiragensu suke zuwa har gaɓar Kanada ta yau neman wannan kifi da kifin whale. Ana jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu ana canza ruwa har gishirin ya ragu, sannan a sa shi a kaskon yumɓu da man zaitun da tafarnuwa da ɗan barkono, a kan wuta marar ƙarfi. Mai girkin da na kalla bai sa cokali ba ko sau ɗaya. Ya riƙe kaskon da hannu biyu yana jujjuya shi a hankali, danƙon fatar kifin yana fita yana haɗuwa da mai, har man ya rikiɗe ya zama miya mai kauri ruwan ɗorawa. Kayan haɗi huɗu ne kacal, sauran aikin haƙuri ne da sanin zafin wuta.

Mujallu sun fi ambaton gidajen abinci masu taurarin Michelin, wato lambar yabon ƙwarewar girki wadda taurari uku ne ƙololuwarta, irin su Arzak da Akelarre da na Martín Berasategui da ke Lasarte kusa da gari, kowannensu da taurari uku. Juan Mari Arzak da Pedro Subijana su ne suka jagoranci sabunta girkin Baskawa a shekarun 1970, kuma a 2011 aka buɗe Basque Culinary Center, makarantar koyon girki mai matsayin tsangayar jami'a. Ba na rage musu daraja, amma a ganina tushen abin yana ƙasa da su, a kasuwar La Bretxa inda mai saye yake duba idon kifi kafin ya yi ciniki, da kuma ƙungiyoyin girki da ake kira txoko. Waɗannan ƙungiyoyi sun faro tun ƙarni na 19: 'yan ƙungiya suna da ɗakin girki na haɗin gwiwa, su sayo cefane, su dafa da hannunsu, kowa ya rubuta abin da ya taɓa a ma'aji ya biya bisa amana. A da maza kaɗai suke shiga, yanzu da yawa sun buɗe ƙofa ga mata. Su ne kuma jigon bikin Tamborrada na 20 ga Janairu, inda ake kaɗa ganguna awa 24, wasu sanye da kayan soja, wasu da fararen kayan masu girki.

Baƙo zai ga allunan tituna da harsuna biyu, Sifaniyanci da Euskara, harshen Baskawa wanda masana ba su gano masa dangi a cikin harsunan duniya ba. An danne shi a zamanin mulkin kama-karya na Janar Franco a Sifaniya, daga 1939 zuwa 1975, amma yau ana karantar da yara da shi a makarantu, kuma mai cewa eskerrik asko wajen godiya yakan ga fuskar mai shago ta saki.

Garin yana da tsada, yana cikin wuraren da gida ya fi kuɗi a Sifaniya, kuma a Yuli da Agusta lungunan tsohon gari ba masaka tsinke. Ruwan sama yana sauka a kowane wata, sau da yawa yayyafi ne mai jiƙa mutum bai ankara ba, don haka lema ta zama dole. Da zan zaɓa wa wani lokaci, farkon Satumba zan ce, domin a Lahadi biyu na farko ake tseren kwale-kwale a La Concha, sai dai a kama masauki da wuri, kafin bikin fina-finai da ake yi tun 1953 ya ƙara ɗaga farashi a ƙarshen watan.