Firiwil ɗin da na rufe wa baki

A 2007, shekarar da aka cire wa sidi sifili huɗu, mahaifina ya kai ni koyon gyaran keke wajen wani dattijo a Aboabo, nan Kumasi. Masta muke ce masa. In aka kawo keke, ba ya saurin ɗaukar sifana. Ƙafar baya zai ɗaga, ya murza feda sau biyu, ya saki, ya karkata kai kamar mai sauraron rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Ni a lokacin gani nake duk iyayi ne.

Firiwil, wato ɗan faifan nan mai haƙora da ke jikin ƙafar baya, bai kai tafin hannu ba, amma akwai aiki a cikinsa. Zoben waje shi ke da haƙoran da sarƙa ke hawa, na ciki kuma shi ke ɗaure a jikin hob, wato cibiyar ƙafar. Tsakaninsu akwai boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfe, layi biyu, da wasu harsunan ƙarfe guda biyu da siririn sifirin ke turawa. Kana taka feda, harsunan su cije, ƙafa ta juya. Ka daina takawa, su riƙa zamewa a kan wasu haƙoran da ke cikin zoben waje, shi ne tik-tik-tik ɗin da ake ji. Masta yana rarrabe shi kamar yadda uwa ke rarrabe kukan jariri. In ya fito kas-kas a bushe, ƙishin mai ne. In da gurzar yashi a ciki, ƙura ko tsatsa ta shiga. In yana ɗingishi, harshe ɗaya ya kwanta.

Wata rana Masta ya tafi Suame Magazine, unguwar makanikai, neman kayan gyara, sai ga wani Alhaji mai goro da tsohon Phoenix ɗinsa.

"Yaro, ina maigidanka? Keken nan ya ishe ni da surutu, ko masallaci na nufa sai kowa ya san na iso."

"Baba, kawo, ai ƙaramin aiki ne."

Murfin firiwil zarensa na hagu ne, ban sani ba. Na fi minti goma ina bugunsa da ƙusa da guduma, ashe ƙara ɗaure shi nake. Da na juya hannu ya buɗe, boris suka watse a ƙasa, na bi su da rarrafe ina tsinta cikin yashi. Sannan na ɗebo giris da yatsa na cusa har ya cika maƙil, na mayar da murfi. Na murza, shiru kake ji. Alhaji ya sa mini albarka, ya ƙara mini goro biyu. Ranar kaina ya yi girma, ko Masta ban gaya wa ba.

Bayan sati uku hunturu ya sauko. Da sassafe sai ga Alhaji yana turo keken, wandonsa a yage a gwiwa. Ya miƙe tsaye zai taka a kan hawa, da huhun goro a baya, feda ta wulwula a banza ba ta kama komai ba, ya kife.

Masta bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya buɗe firiwil ɗin ya sa mini a hannu. Giris ɗina ya haɗu da ƙura da sanyin asuba ya zama kamar ƙullun tuwo, harsunan biyu sun manne a kwance, sifirin ya kasa ɗaga su.

"Kai ka rufe masa baki," in ji shi. "Boris ake shafa wa giris, shi ma ɗan kaɗan don su zauna. Harsuna mai suke sha."

Ya sa na wanke komai da kananzir na haɗa. Sannan ya nuna mini abin da ya kamata in yi tun farko, wanda ba ya ma buƙatar buɗewa: a kwantar da keke firiwil na kallon sama, a ɗiga man inji a siririn tsagin da ke tsakanin ɓangaren da ke juyawa da wanda ke tsaye, a riƙa murzawa baya har baƙin dauɗa ya fito ta ƙasa. Kunnenka zai gaya maka ya ƙoshi, ƙarar takan yi taushi amma ba ta ɓacewa. Inda giris ke da amfani shi ne zaren hob kafin a ɗaura firiwil, domin kowane taki ƙara matse shi yake yi. Na sha ganin wanda aka ɗaura a bushe, bayan shekaru in za a cire shi sai an farfasa shi, an danne gindinsa a bais, wato matsen ƙarfe, mutum biyu su kama ƙafar suna juyawa kamar sitiyarin babbar mota.

Alhaji ya hau ya zaga, ya dawo yana tsaki, wai surutun ya dawo. Masta ya ba shi haƙuri, bai karɓi ko kwabo ba. Goron da ya fashe kuwa, daga kuɗin abincina aka biya. Kwana tara ina jiƙa gari da rana.