Talata: tabon yuraniyom a cikin afatayit

Aikin yau a kan samfura shida ne na dutsen yashi daga gangaren gindin tsauni, ɗaya sama da ɗaya, da tazarar kusan mita 250 a tsaye. Abin da masu neman mai ke son ji guda ne: lanƙwasar dutsen da za ta riƙe ɗanyen mai ta riga man zuwa, ko man ya wuce abinsa kafin tarkon ya samu? Tabon da yuraniyom ke bari a ƙwayoyin afatayit, wani ma'adini da ke cikin dutsen, shi zai nuna lokacin da dutsen ya ɗago ya sanyaya.

Niƙa da tankaɗe da cire ƙwayoyin da maganaɗisu ke ja duk an gama su tun makon jiya. Ruwa mai nauyi ya raba sauran: a mai nauyin 2.89 yashi ya taso, a mai 3.32 ma'adinin zarkon ya nutse, afatayit da ke wajen 3.2 ya yi iyo.

Da safe na tsoma ƙwayoyin da aka goge cikin asid na naitirik mai ƙarfin mola 5.5, daƙiƙa 20 cif, a zafin digiri 21, don tabon ya fito fili. Nan ba wurin ƙiyasi ba ne. Ruwan ya ɗan ɗumama, ko hannu ya yi nauyi wajen cirewa, tabon zai buɗe fiye da kima, awon tsawo kuma ya tashi a banza.

Tabon kansa daga yuraniyom-238 yake. Idan ƙwayar zarrarsa ta tsage, takan bar siririn layi mai tsawon kusan maikuron 16 (maikuron 1,000 ne milimita ɗaya). Sama da digiri 110 zuwa 120 layin na shafewa ƙaf. Tsakanin 60 da 110 yana gajarcewa sannu a hankali, ƙasa da haka ya zauna kusan yadda yake. Shi ya sa adadin tabo kaɗai ba ya gamsar da ni. Shekarun da ya bayar na sanyaya ne, kuma dutsen da ya daɗe a wancan tsakanin zai ba da lambar da ba ta dace da ranar wani motsin ƙasa ba. Tsawon ne ke tona asiri. Na auna layuka 100 da ke kwance cikin ƙwaya a samfurin da ke can ƙasan gangaren: akasari sama da maikuron 14, a cure wuri guda. Dutsen ya fito daga zafi da sauri ke nan. Idan saman ƙasa digiri 20 ne, zafi kuma na ƙaruwa da 30 a kowace kilomita, to zaizaya ta kwashe aƙalla kilomita 3 daga kansa. Mayar da 30 ɗin 25, lissafin ya doshi 3.6. Duk rigimar kaurin da aka kwashe a wannan zato take.

Samfurin ƙoli ne ya cinye yammacin. Ƙwaya 20, yawan tabonsu a warwatse, gajeru da dogaye a cakuɗe. Dalili biyu ke jawo haka a dutsen yashi: ko ba a binne shi da zurfin da zai goge tarihin da ƙwayoyin suka zo da shi daga tsohon tsauni ba, ko wasu na da kulorin da yawa, wanda ke sa tabo ya jure zafi. Na auna bakin ramukan da asid ya ci, kuma masu faɗin baki su ne masu tabo fiye da saura. Kulorin ne, ga alama. Haɗa su a ɗauki matsakaici kuskure ne, sai an raba su gida biyu.

Ga mai, abin da ake dubawa shi ne ɗagowa tana sanyaya dutsen da ke haifar da shi, sai dahuwar ta tsaya. Ƙyallin bitirinayit (ragowar tsirrai da ke cikin dutse) na 0.6 zuwa 1.3 cikin ɗari yana nuna an kai zafin mai, amma ba ya faɗin yaushe.

Gobe za a auna yuraniyom da lesa, sannan a tsinci ƙwayoyin awon hiliyom (wata hanyar gano lokacin sanyaya), masu faɗi sama da maikuron 60, marasa ɗigon zarkon a ciki.