Abin da na koya da na koma 'yar ƙaramar kamara marar madubi

Na daɗe ina ɗaukar hoton biki da babbar kamara irin mai madubi a ciki, mai nauyin nan da in ka rataya ta tun daga ɗaurin aure har zuwa dina sai ka kwana wuyanka na ciwo. Da na karɓi Sony a6400 gaskiya da farko raina ta na yi, don nauyinta da batir da kati giram 403 ne kacal, tafin hannu ɗaya ya ishe ta. A 2019 ta fito, megafiksel 24, kuma ba ita ce farkon irin su ba, tun 2008 Panasonic ya fitar da G1, mu ne dai muka makara.

Babban abin da ya canza min aiki shi ne 'yar tagar da ake sa ido a leƙa. A tsohuwar kamara haske na shigowa ya bugi madubi ya hau zuwa idonka, wato abin da ke gabanka kake gani ba hoton da zai fito ba, sai ka danna sannan ka duba baya ka ga ya yi duhu ko ya ƙone. A wannan kuwa ba madubi, hasken kai tsaye yake sauka kan sensa, wato ɗan faifan da ke ɗaukar hoton a ciki, abin da kake leƙawa ɗan ƙaramin allo ne da ke nuna maka hoton tun kafin ka danna. Duk wanda ke aiki a bikinmu ya san darajar wannan. Ango ya sha farar shadda ko gezna tana ɗaukar ido, ga rana ta take bayan an sakko daga masallaci, shi kuma mutum ne baƙi wankan tarwaɗa ko ma ya fi haka duhu, to ita kamara lissafinta kullum ta mayar da komai tsaka-tsaki ne, da ta ga fari ya cika wuri sai ta rage haske, rigar ta fito tas amma fuskar bawan Allah ta nutse ba ka ganin komai sai haƙora. Shekaru ina gyara wannan a kwamfuta cikin dare. Yanzu ina kallo ina murɗa ƙarin haske har fuska ta fito da kalarta, kuma akwai wani saiti da ke zana layi-layi a duk inda fari ya fara ƙonewa, da na ga layin ya fara hawa kan aikin wuyan rigar sai in tsaya nan. Wallahi a 'yan watanni na fahimci haske fiye da yadda na fahimce shi a duk shekarun baya, saboda ina ganin sakamakon abin da yatsana ya taɓa nan take.

Fokas ɗinta ma abin a yaba ne. Wuraren kama fokas 425 ne sun kusa cika allon, kuma tana neman idon mutum da kanta ta manne masa ko yana tafiya. Wajen kamu, amarya na lulluɓe, ana ɗaga mayafi sai ka ga ɗan koren akwati ya faɗa kan idonta. Amma in ƙawaye suka yi mata rumfa sai ta rikice ta kama idon wata daban, dole kai ka nuna mata wa kake so, kar ka sakar mata komai.

Ɓangaren da ba a faɗa maka a shago kuwa shi ne ƙura. Tunda ba madubi a gaba, da ka cire lens sensa ce tsirara tana kallonka, to ka haɗa wannan da hunturun Kano. Ba za ka lura ba sai ranar da ka tsuke ƙofar hasken lens zuwa f/11 ko f/16 ka ɗauki sararin sama, sai ka ga ɗigo-ɗigo baƙi a wuri ɗaya a kowane hoto. Yanzu ba na canza lens a fili, sai na shiga mota ko zaure, in kashe kamarar, in kifa bakinta ƙasa, in yi sauri. Ɗan famfon robar nan na hura iska ba ya barin jakata. Kuma don Allah kar wanda ya hura da baki ko ya sa gefen riga, wannan ɓarna ce ba gyara ba.

Batir kuma ba ya da kirki, Sony da kansu sun rubuta hoto 360 in kana leƙe ta taga, 410 in da allon baya kake aiki, bikin yini guda ya fi ƙarfin wannan. Sai ka sayi ƙari. Sauƙin dai tana caji ta waya irin ta tsohuwar Android, ko ba wuta fawa bank ya isa.

Akwai saitin da take ɗauka shiru ba ƙas-ƙas, yana min amfani lokacin ɗaurin aure da liman ke addu'a, ba ka damun kowa. Sai dai a ɗakin taro mai fitilun LED wani lokaci hoton kan fito da ratsi-ratsi kaman an shimfiɗa masa tabarma, saboda fitilun ƙyaftawa suke yi ido ne ba ya gani. Can sai in kashe shirun in koma yadda aka saba.

Wani darasin kuma na mutane ne ba na na'ura ba. Wata uwar amarya ta kalle ni ta kalli abin da ke hannuna ta ce, ɗan nan, da wannan 'yar mitsitsiyar za ka ɗauke mu, ina babbar? Na ce Hajiya bari ki gani, na ɗauke ta nan take na juya mata allon, ta daɗe tana kallo sannan ta kira ƙanwarta ta zo ta gani. Mutanenmu da girman kaya suke auna mai hoto, shi ya sa nake nuna hoto da wuri kafin zance ya yi nisa. Ga yara da tsofaffi kuwa ƙanƙantar ce ma ta taimaka, ba sa sandarewa su gyara tsayuwa kaman da, sai ka samu dariyar gaske.

Lens ɗin da take zuwa da shi, 16-50, da rana ba laifi, magariba na yi yake gazawa. Da na sa mata lens ɗin Sigma 30mm mai buɗewa sosai har f/1.4 sai ta zama wata kamara daban a cikin ɗaki. Abin da har yanzu ke damuna shi ne jikinta ba shi da abin hana girgiza irin wanda Sony a6600 ke da shi, wannan Sigman ma ba shi da shi, don haka bidiyo da hannu rawa yake yi sai da ƙafar da ake ɗora kamara ko gimbal, wato mariƙin da ke hana ta rawa. Kuma ramin kati ɗaya ne, in katin ya lalace biki ya tafi, shi ya sa ana tashi daga ɗaurin aure nake kwashe hotunan kafin in wuce wajen dina.