Sai da Ƙanƙara Ta Ba Mu Hanya

Tun watan Janairun 2023 muka yanki takardar izinin shiga tsaunukan Sierra Nevada da ke Kalifoniya, ni da wani abokina ɗan Damagaram da muke aiki tare a Sacramento. Niyyarmu ita ce a tsakiyar Yuli mu taka da ƙafa daga Onion Valley zuwa tafkunan Rae mu dawo, kwana huɗu, kowa goye da jakarsa. Izinin nan ba a samunsa a sauƙaƙe. Wata shida kafin ranar tafiya hukumar gandun dajin Inyo take sakin yawancin guraben a intanet, kafin ka kurɓi shayi sau biyu an wawashe su. Da muka dace har fatiha muka shafa.

Sai hunturu ya ƙi ƙarewa. Dusar ƙanƙara ta yi ta zuba babu ƙaƙƙautawa har cikin Maris. Da aka auna a farkon Afrilu, abin da ya taru a kan duwatsun jihar ya ninka na shekarun da aka saba fiye da sau biyu, a kudancin Sierra kuwa, inda muka nufa, kusan sau uku. A Mammoth, wani dutsen wasan zamiya a kan ƙanƙara a yankin, an lissafa dusar da ta zuba sama da inci 700, wato wajen mita 18. Gidaje ne muka riƙa gani a talabijin an binne su har rufi.

Duk da haka ban karaya ba. Ni mutumin Katsina ne, sanyin da na sani shi ne na hunturun da ke fasa leɓe, rana na take tsaka ya kama gabansa. Da Yuni ya shigo, Sacramento ta ɗauki zafi kamar Afrilun gida, sai na ce ai duk wata ƙanƙara ta narke. Abokin nawa ya girme ni, ya kuma riga ni sanin duwatsun nan da shekaru. Ya ce, "Malam, zafin gari daban, na dutse daban." Ya shimfiɗa taswira a kan tabarma ya nuna mini mashigin Glen, wata ƙofa a ƙolin duwatsu da turbarmu za ta bi, musamman gefensa da ke fuskantar arewa, inda rana ba ta daɗewa. Ya ce ko wannan ba shi ne babban abin tsoronsa ba, ruwa ne. Duk ƙanƙarar da ta taru sai ta sauko, kuma ta rafuka take saukowa. Ɗan rafin da a shekarar fari za ka tsallake shi takalminka a bushe, a irin wannan shekara yana iya kai maka ƙugu, ga sanyi, ga ƙarfi.

Na yi masa gardama, don raina ya kwallafa. Abin da ya kashe bakina hanyar Tioga ce, wadda ta ratsa gandun dajin Yosemite. Yawanci a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni ake buɗe ta, amma a shekarar sai 22 ga Yuli. In motocin share ƙanƙara sun sha wannan wuya a kan kwalta, ina ga mai ƙafa biyu a kan turbar dutse? Muka saki takardarmu, muka koma jiran ragowar guraben da ake fitarwa mako biyu kafin tafiya. Allah Ya sa muka samu na ƙarshen Agusta. Ana saura 'yan kwanaki kuma ragowar guguwar Hilary ta afka wa yankin ranar 20 ga wata, ambaliya ta wanke hanyoyi a Death Valley. Sai da muka buga waya ofishin gandun daji muka tabbatar hanyarmu na biyuwa sannan muka ɗaure kaya.

Jinkirin ya canza abin da ke cikin jakunkunanmu. Muka ƙara ƙusoshin ƙarfe masu sarƙa da ake ɗaurawa ƙarƙashin takalmi, da ɗan gatarin ƙanƙara kowa ɗaya, da ragar rufe fuska saboda sauro. Abinci dole ya shiga wata gwangwani mai murfin da beyar ba ta iya buɗewa, doka ce a can. Na cusa garin rogo da ƙuli-ƙuli da dabino da dambun naman da maiɗakina ta yi. Hura wutar itace haramun ne a saman ƙafa 10,000, don haka ɗan rishon gas muka ɗauka.

Muka kwana a Onion Valley, wajen mita 2,800, don jiki ya saba da ƙarancin iska. Washegari muka haye mashigin Kearsarge, kusan mita 3,600, kaina na sara, numfashi na yankewa, amma turba a bushe sai ɗan fari-fari nan da can. Muka kafa tanti kusa da tafkin Charlotte.

Mashigin Glen shi ne tafiyar. Lokacin tashi ma sai da muka yi shawara a kansa. In ka yi sammako da yawa, ƙanƙarar ta daskare kamar gilashi. In ka makara, ta yi laushi kana lumewa. Muka yi sallar asuba da alwalar ruwan da ya sa yatsuna suka daina ji, muka kama hawa, wajen ƙarfe tara muna ƙoli. Da na leƙa gefen arewa sai gabana ya faɗi. Fari ne fat a kwance a kan gangare, a ƙarshen Agusta, fuskarsa duk ramuka kamar tandar waina, rana ce ta ƙwaƙule ta haka. Sawun waɗanda suka riga mu ya ratsa tsakiya, faɗinsa bai wuce tafin ƙafa biyu ba.

Muka ɗaura ƙusoshi. Yana gaba ina biye, gatari a hannun da ke wajen tudu, in soka shi, in ɗaga ƙafa ɗaya, in dasa ta, sannan ɗayar. Ban kalli ƙasa ba. Abin da nake ji kawai ƙarar ƙusa tana cizon ƙanƙara da bugun zuciyata, bakina kuwa bai rabu da hasbunallahu ba. Dab da ƙarshe na taka kusa da wani baƙin dutse, ƙafata ta dama ta lume har cinya, na ji ruwa yana gudu a ƙasan tafina.

"Yaya!" na ce.

Bai ruga ba. Ya juyo a hankali ya ce, "Kwantar da jikinka a kan gatarin, ka zaro ta sannu-sannu. Dutse yana shan rana, yana cinye ƙanƙarar da ke gindinsa, kada ka ƙara raɓarsa." Na zaro ƙafar, ƙwaurina ya ɗan kuje, takalmi cike da ruwa.

Da azahar muka isa tafkunan Rae. Ruwa shuɗi garau, dutsen Fin Dome a tsaye can gaba, dutsen Painted Lady a bayanmu da jirwayen launukanta. Ciyawa shar, furanni ja da ɗorawa da shuɗi waɗanda a shekarar da aka saba da tuni sun bushe. Sauro ma bai san Agusta ta ƙare ba, ya yi mana rubdugu har sai da muka sa raga kafin mu jiƙa gari.

Muka haɗa azahar da la'asar a kan wani faffaɗan dutse mai ɗumi. Na shanya safa a gefe, na shafa magani a ƙwauri. Abokina ya daɗe yana kallon farin gangaren da muka sauko, don ta nan za mu koma. Ya duba agogonsa ya ce gobe ƙarfe bakwai za mu bar nan.