A ƙarshe dai layukan sun rabu

'Yan'uwa masu haɗa akwatin raba haske da kwali da faifan CD, wanda siraran layukan jikin faifan ke baza haske zuwa launukansa, yau kam ina cikin farin ciki. Na daɗe ina samun bakan gizo mai kyau, ja a gefe guda, shunayya a ɗaya gefen, amma duk a cakuɗe, kore ya narke cikin ruwan ɗorawa babu iyaka. Ashe tsagar da haske ke shiga ce ke ɓata komai.

Idan da almakashi aka yanka tsagar a jikin kwali, bakinta gashi-gashi yake fita, kuma tana yin faɗi. Kowane launi hoton tsagar yake zanawa a wurinsa, don haka in ta yi faɗi sai hotunan su hau kan juna. Na koma reza biyu, baki da baki. Nan ma wata fitinar: in na matse su, duhu ƙirin, in na sassauta, mu koma gidan jiya. Salatif kuma da zafin rana ya taɓa shi sai ya saki, reza ɗaya ta karkace, sama a tsuke, ƙasa a buɗe. Abin da ya yi mini aiki shi ne na sa takarda ɗaya tsakanin rezojin, na manne su da gam, ya bushe, sannan na zare takardar. Cikin kwalin kuma na shafe shi da baƙin fenti.

Sai na nufi dogon ƙwan fitila irin na da, wanda samunsa a kasuwa yanzu sai an sha yawo, kuma kuɗinsa ya ƙona ni, ya fi na LED. Layuka tsaf! Mai shuɗi-shuɗin nan na nanomita 436 da koren 546 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, kowane launi da lambarsa), duka na zaibar da ke cikin ƙwan ne. Farin LED kuwa daban: tsini ɗaya na shuɗi wajen 450, sai rami inda hasken ya ragu, sai faffaɗan tudu daga kore zuwa ja. A ido duk fari ne.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne allon waya. Na cika shi da ruwan ɗorawa zalla na leƙa, sai ga ja da kore ne ke da ƙarfi, wurin da ya kamata ɗorawar ta zauna, wajen 580, ya dusashe. Idonmu ne ke haɗa biyun ya ce mana ɗorawa. A ganina wannan gwajin ya kamata a fara nuna wa yara, tun kafin a haddace musu lambobi.

Saura DVD. Tazarar siraran layukan jikinsa maikromita 0.74 ce, ta CD 1.6 (maikromita ɗaya nanomita dubu ce), saboda haka zai fi baza launukan. Burina in ga baƙaƙen layukan Fraunhofer, wato siraran giɓi masu duhu da ke cikin bakan gizon hasken rana, amma daga farar takarda da rana ta haska zan ɗauka, kada kowa ya auna kwalinsa kai tsaye ga rana. DVD faifai biyu ne manne da juna, kuma ina so in raba su kafin in yi amfani da shi. Wanda ya taɓa ɓare DVD gida biyu bai tsage ba, don Allah ya faɗa mini da wace wuƙa ya yi.