Tarihin Rayuwar John McDonnell, Kashi na Huɗu: Mutum na Biyar

A makon jiya mun tsaya ne a 1978, shekarar da Jami'ar Arkansas da ke Amurka ta danƙa wa John McDonnell ragamar dukkan wasannin guje-guje da tsalle-tsalle na maza. Wanda bai samu kashin baya ba, ga taƙaitawa: an haife shi a 1938 a gidan manoma kusa da Crossmolina, a lardin Mayo na ƙasar Ailan. Ya yi aikin ɗaukar hoto a wani gidan talabijin a New York, ya yi karatu da gudu a wata jami'a da ke Lafayette a jihar Louisiana, sannan ya sauka Fayetteville, garin da Jami'ar Arkansas take, a 1972 a matsayin kocin tseren ratsa daji. Albashin bai isa cefane ba, sai da ya haɗa da koyarwa a sakandaren Greenland da ke kusa. A 1974 yaransa suka ci kofin ratsa daji na rukunin jami'o'in yankinsu, kuma daga nan ba su sake sakin sa ba har kakarsa ta ƙarshe a 2007, shekara 34 a jere.

Kofin ƙasa kuwa ya yi nisa. A wancan lokaci Jami'ar Texas da ke El Paso ce ke cin karenta babu babbaka, ƙarƙashin koci Ted Banks, da 'yan tseren da ta ɗebo daga Kenya da Tanzaniya, irin su Suleiman Nyambui. A tseren ratsa daji na ƙasa na 1981 maki 17 kacal suka tara. Don mai karatu ya gane nauyin wannan adadi, dole mu tsaya mu yi bayanin lissafin, domin duk aikin McDonnell a kansa ya ginu.

A tseren ratsa daji kowace jami'a tana shigar da mutum bakwai. Ana gudun kilomita 10 a kan ciyawa da tudu da gangare, wani lokaci cikin laka ko ƙanƙara, a ƙarshen Nuwamba. Matsayin da mutum ya zo shi ne makinsa: na ɗaya maki 1, na arba'in maki 40. Sai a haɗa makin mutum biyar na farko na kowace jami'a, mai mafi ƙarancin maki ita ta ci. Mafi ƙarancin da zai yiwu shi ne 15, wato a kwashe na ɗaya zuwa na biyar. Na shida da na bakwai ba a ƙirga nasu, amma suna da aiki: duk ɗan wata jami'a da suka riga shiga, sun ƙara masa maki ɗaya.

Mu ɗauki misali. Wata jami'a tana da zakaru uku, suka zo na 1 da na 2 da na 3, amma na huɗunta ya zo na 20, na biyar ya zo na 60. Jimilla 86. Wata kuma ba ta da zakara ko ɗaya, yaranta suka zo na 10, 12, 14, 16 da 18. Jimilla 70, kuma ita ce za ta ɗau kofi. Zakara, komai gudunsa, ba zai iya rage makinsa ƙasa da 1 ba. Amma mutum na biyar yana cikin cunkoson tsakiya, inda ake shigowa kafaɗa da kafaɗa, kuma daƙiƙa goma da ya yi sanyi a kilomita ta ƙarshe tana iya zama wurare goma ko fiye. Shi ya sa kocin da ya san aikinsa yake kwana da tunanin na biyar da na shida fiye da na ɗaya. Abin da ake aunawa shi ne tazarar lokaci tsakanin na ɗayan ƙungiya da na biyar ɗinta. In ta kai minti ɗaya da rabi, akwai matsala. In ta tsaya a daƙiƙa 30 zuwa 40 kuma na gaban yana cikin sahun farko, to a fara goge wurin ajiye kofi.

McDonnell ya horar da yaransa su yi gudu a dunƙule, kamar garke. Ga mutumin da ya tashi cikin shanu, kuma daga baya ya mallaki gonar kiwo a Oklahoma, wannan ba baƙon tunani ba ne. Amfaninsa a fili yake: yaron da ya fara jin ƙirjinsa na wuta a kilomita ta bakwai, in ya ga rigar ɗan uwansa a gefensa, kunyar sakin layi takan riƙe shi. A 1993, a filin Jami'ar Lehigh, Arkansas ta ci kofin ƙasa da maki 31 alhali wanda ya zo na ɗaya a tseren ba ɗanta ba ne. A ganina wannan ne tseren da ya fi bayyana mutumin.

Lissafi na biyu na kuɗi ne. A zamanin McDonnell, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta ƙayyade yawan tallafin karatun da jami'a za ta bai wa 'yan guje-guje maza: guraben 14 a da, daga baya aka rage zuwa 12.6, kuma wannan ya haɗa har da 'yan ratsa daji. Ana iya gutsuttsura gurbi, a ba wani rabi, wani rubu'i. Da wannan ɗan abin za a cika ƙungiyar da ke da wasanni kusan ashirin. Mafi yawan kociyoyi sukan barbaza shi ko'ina, a samu ɗan jifa ɗaya, ɗan tsallen sanda ɗaya, 'yan gajeren zango biyu. Irin wannan ƙungiya takan yi kyau a gasar jami'a biyu, amma a gasar ƙasa sai ta dawo hannu rabbana, domin a can sai wanda ya shiga sahun farko a duk Amurka ke samun maki: na ɗaya 10, na biyu 8, na uku 6, a gangara.

McDonnell ya zuba jarinsa a wuri biyu. Na farko 'yan dogo da matsakaicin zango. Shekarar jami'a tana da kofin ƙasa uku: ratsa daji a Nuwamba, gasar rufaffen zaure a Maris, gasar buɗaɗɗen fili a farkon Yuni. Mai jifan mashi ko faifai a ɗaya kawai zai yi amfani. Ɗan mita 100 a biyu. Ɗan mita 5,000 kuwa a duka ukun yake kawo maki, kuma a gasa ɗaya yana iya shiga tsere biyu, ya ƙara da tseren miƙa sanda. Na biyu masu tsalle cikin yashi, saboda mutum ɗaya yana iya haɗa dogon tsalle da tsallen taku uku. A nan ya samu abokin aiki, Dick Booth, wanda ya riƙe ɓangaren tsalle shekaru masu yawa, kuma McDonnell ya sakar masa mara ya yi aikinsa.

Sakamakon ya fito a Maris 1984 a Syracuse. Mike Conley, yaro daga Chicago, ya ci dogon tsalle da tsallen taku uku, maki 20 daga ƙafar mutum ɗaya, Arkansas ta ɗau kofin ƙasa na farko a rufaffen zaure. Shekara goma sha biyu kenan da zuwan McDonnell Fayetteville. Arkansas ta riƙe wannan kofi sau 12 a jere, daga 1984 zuwa 1995. A Nuwamban 1984 ta ƙara da na ratsa daji, a 1985 ta haɗa da na zaure da na buɗaɗɗen fili, wato duka ukun a shekarar karatu guda. McDonnell ya yi haka sau biyar, uku daga ciki a jere tsakanin 1991 da 1994. Bayan Conley sai Erick Walder ya zo ya ci kambun ƙasa 10 a tsalle-tsallen nan biyu, kuma yana cikin ƙungiyar da ta tara maki 94 a gasar zaure ta 1994.

Tsallen taku uku ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don mutane na ganin kamar wasan yara ne. Ɗan wasa yana taho da gudun kusan mita 40, taku 18 zuwa 22, ya taka katako mai faɗin santimita 20 wanda ke mita 13 daga bakin yashi. Ya yi ɗingishi ya sauka a kan ƙafar da ya tashi da ita, ya yi dogon taku zuwa ɗaya ƙafar, sannan ya yi tsalle cikin yashi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tashi sama da yawa a takun farko. Saukar takan zo da nauyi ninkin jikin mutum sau da yawa, gwiwa ta lanƙwashe, taku na biyu ya mutu, gudun da aka tara ya zube. Ana so takun su yi kusa da juna, kusan kashi 35 da 30 da 35 cikin ɗari na nisan. Kuskure na biyu shi ne kallon katako: da zarar yaro ya sunkuyar da kai yana gyara taku, ko ya rage gudu ko yatsansa ya haye layi a soke tsallen. Conley ya ci azurfa a gasar Olamfik ta Los Angeles a 1984, ya ci zinare a Basalona a 1992 da mita 18.17. Ya zarce bajintar duniya ta lokacin, mita 17.97, amma iskar da ke bayansa ta kai mita 2.1 a daƙiƙa, ƙa'ida kuwa 2.0 ce, don haka ba a rubuta shi a matsayin sabuwar bajinta ba. Har yau abin yana min ciwo.

Mu koma ga masu gudu. Wanda zai yi takara a kaka uku, babban haɗarinsa jikinsa ne. A irin wannan mataki, yaro yakan yi hutun bazara yana tara kilomita 110 zuwa 145 a mako, da dogon gudu ɗaya na kilomita 20 zuwa 25. Daga Satumba ake shigo da atisaye mai zafi sau biyu a mako, misali mil ɗaya sau biyar ko shida a kan ciyawa da hutun minti biyu zuwa uku a tsakani, wata rana kuma gudun kilomita 10 zuwa 13 ba tsayawa, da saurin da mutum zai iya furta kalma biyu ko uku amma ba zai iya hira ba. Saura kwana goma zuwa mako biyu gasar ƙasa sai a rage yawan kilomita, a bar saurin yadda yake.

Inda abin ke ɓaci sananne ne. Ɗan aji ɗaya da ya saba da kilomita 60 a sakandare ya ce sai ya bi manya a makon farko. Huhu da zuciya suna saurin sabawa, ƙashi kuwa yana buƙatar watanni, sai ƙashin ƙwauri ko na tafin ƙafa ya tsage. Alamarsa ciwo a wuri ɗaya da za a iya nunawa da yatsa, wanda ke ƙaruwa in an ci gaba da gudu, kuma maganinsa mako shida zuwa takwas ba gudu, sai iyo da keke. Agara takan kumbura in aka yi gaggawar sauyawa daga takalmin atisaye zuwa takalmi mai ƙusa, wanda ba shi da tudun dunduniya. Akwai ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, mai sa yaro ya yi ta ja baya alhali yana ƙara ƙoƙari, har a zarge shi da lalaci, gwajin jini kuwa shi ke warware zancen. Zauren gasa ma da nasa: zagayen mita 200 ne, lanƙwasa ta ninka ta babban fili, kuma kullum hagu ake juyawa, don haka ƙafa da ƙugu na shan wahala. Sai kuma babbar cutar ƙungiya mai ƙarfi, wato yara su mai da atisayen Talata gasa, su ƙone kansu kafin Asabar. A ƙungiyar da mutum goma sha biyu ke neman kujera bakwai, hana wannan ya fi tsara atisayen wuya, kuma a nan ake gane kocin da yaransa ke jin maganarsa.

Shaidar cewa McDonnell ya iya wannan reno ita ce yadda yaransa suka ci gaba bayan jami'a. Niall O'Shaughnessy ne ya fara buɗe hanya daga Ailan a shekarun 1970. Frank O'Mara ya ci mita 1,500 na jami'o'i a 1983, sannan ya zama zakaran duniya a mita 3,000 na rufaffen zaure a Indianapolis a 1987, inda Paul Donovan, shi ma ɗan Ailan kuma ɗan Arkansas, ya zo na biyu. O'Mara ya maimaita a Sifaniya a 1991. Joe Falcon, ɗan ƙaramin yaro daga Missouri, ya ci tseren ratsa daji na ƙasa a 1987, kuma a 1990 ya ci tseren mil na Oslo cikin minti 3 da daƙiƙa 49.31. Godfrey Siamusiye na Zambiya ya ci ratsa daji a 1995 da 1996.

A 1991 Arkansas ta bar tsohon rukuninta ta koma rukunin jami'o'in kudu maso gabas, inda 'yan gajeren zango na Louisiana da Tennessee da Florida suke, aka ce yanzu za a gani. Daga 1992 zuwa 1999 ta ci kofin buɗaɗɗen fili na ƙasa sau takwas a jere.

A Maris 1996 Jami'ar George Mason ta katse jerin kofunan zaure. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko daga nan: yadda ya farfaɗo, sabon zauren Randal Tyson da aka buɗe a 2000, zuwan Alistair Cragg, da dalilin da ya sa hukuma ta soke kofunan buɗaɗɗen fili na 2004 da 2005, kofunansa na ƙasa suka koma 40 maimakon 42 kafin a rufe littafin aikinsa na shekara 36.